Cokalin Man Zaitun

Hannun dama, ƙafar dama, da harshe. Su hawan jini ya karɓe wa yayana rana guda, yana tsaye a bakin rumbunsa. Ni kuwa dillalin gyaɗa da wake ne. Da hannu nake awo, da ƙafa nake tayar da moto, wato babur, da harshe nake ciniki. To ranar da likita a Magarya ta kwance abin awon jini daga damtsena ta ce, "Alhaji, tansiyonka ya hau," na san abin da zan iya rasawa.

Ta ba ni ƙwayoyi. Da yake ban saba dogara da hanya ɗaya ba, sai na tsaya wurin mai maganin Musulunci a kasuwar Mallawa na sayi man zaitun, 'yar koriyar kwalba. A wajenmu ba a girki da shi. Kusa da zuma da habbatussauda ake ajiye shi, a shafa, a lasa. Kullum da safe sai in yi bisimilla in sha cokali guda, in lumshe ido ɗacin na sauka a maƙogwaro. Nakan ga itatuwa masu farin ganye suna kaɗawa a bakin wani teku da ban taɓa zuwa ba. Daga nan in hau moto hankali kwance. Da rana taliya da mai da yaji, da la'asar tsire ina dangwalar gishiri, a gida kuma miyar da dunƙulen ɗanɗano ya yi wa yawa har tana cizon harshe.

Da na koma awo, abin bai sauka yadda ake so ba. Na zaro kwalbar daga aljihu na ce, "Madam, kullum ina sha, ban taɓa fashi ba."

Ta yi dariya. "Alhaji, ai ka mai da shi rubutu. Masu zaitun ci suke yi da shi, a kan ganye da wake da kifi, gishiri kaɗan. Kai ka ɗiga cokali a buhun gishiri. Me kake ci kana yaro?"

Tambayar ta bi ni har hanyar garin Kwaya. Damina ce, gero ya rufe hanya dama da hagu, iska na kwantar da shi tana tashe shi. Ina tafe ina jin ƙamshin tsakar gidanmu na dā: innata na marmasa ƙuli a kan zogale, tafasa na huci a akushi, fura a ƙwarya an rufe da faifai. Gishiri kuwa a ƙulle yake a tsumma, sai ta ɗebo da yatsu biyu kamar mai tsoron kada ya farka.

Na sauka gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda har yanzu da kanta take daka. Ta ajiye mini kwaɗon zogale. Na buɗe kwalbar na zagaya shi da man.

"Kai ɗan nan! Magani kake zubawa a abinci? Arziki ya taɓa maka kai."

"Ɗanɗana mana, Gwaggo."

Ta ɗiba, ta tauna a hankali, ta taɓe baki. "Man gyaɗata ya fi shi." Amma ta sake miƙo hannu.

Tun daga ranar uwargida ta sauya tukunya. Daddawa ta dawo, wake da ganye suka dawo, gishiri ya ja baya. In da zaitun mu zuba, in babu man gyaɗa kaɗan ya isa. Ƙwayoyin ma ban bari ba. Tansiyon ya sauko sannu a hankali, kamar ruwan tafki bayan kaka.

Na rasa tsiren la'asar, kuma har yau in na wuce tukuba yawuna kan tsinke. Amma ranar kasuwar Sassumbrum da ƙafata nake tayar da moto, da harshena nake taya kaya. Da yamma in biya gidan yayana, in ba shi kwaɗon a baki da hannuna na dama.