Miyar Habi Matar Mahauci

Habi a gidan mahauta aka haife ta a Matameye, gidan mahauta kuma aka kai ta aure. Tun tana yarinya ba ta taɓa ɗora tukunya babu ko ƙashi a ciki ba. Bakinta kuwa ba dama: in ta shiga gidan manoma ta ga miya ba nama, sai ta taɓe baki ta ce ai wannan ruwan wanki ne.

Shekarar da motocin gyaɗa suka yawaita a hanyar Kano, ciwon shawara ya kama mijinta Almu. Idanunsa suka yi ɗorawa. Mai magani ya ba shi saiwoyi, ya kuma kafa masa doka: ba nama, ba mai, sai ya warke. Mutumin da ya tashi da tsire a hannu! Habi ta yi miyar kuka ba nama, ita kanta da ta ɗanɗana sai da ta tofar. Akushi ya tafi zaure, ya dawo yadda ya tafi. Haka gobe, haka jibi. Almu ya koma shan ruwan koko kaɗai, ya rame har wandonsa ba ya zama a ƙugu. Tsoro ya kama Habi sosai, don ta ga yunwa za ta riga shawara kashe shi.

Ranar kasuwa ta haɗiye girman kanta ta je wurin Shekara, wata tsohuwa 'yar manoman ƙauyen Tsauni mai sayar da daddawar batso, wadda Habi ta sha toshe hanci in ta wuce gabanta. Ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, maigidana ya ƙi cin abinci. Ki koya mini miyarku."

Shekara ta dube ta sama da ƙasa. "Ruwan wankin namu kike so?"

Habi ta sunkuyar da kai. Tsohuwa ta yi dariya har ta ishe ta, sannan ta ja ta gefe. Ta ce a jiƙa wake a surfe shi, a dafa har ya narke, a daka daddawa da albasa da barkono kaɗan, a bar su su nuna tare ba gaggawa, kuka kuwa sai can a ƙarshe. Garin geron tuwo kuma a tankaɗe shi da kyau, don maƙogwaron majinyaci ba ya son tsaki.

Habi ta yi yadda aka ce, warin daddawa ya cika gidan mahauta, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Bayan azahar ta ajiye akushi gaban Almu ta koma madafa ta zauna. Da ta je ɗauka ta iske shi ba komai. Ba ta yarda ba. Ta san halin mutanen zaure, ta ce a ranta wani ne ya zo gaisuwa ya share.

Tana cikin juyawa sai ta ji muryarsa, a shaƙe amma da ƙarfinta.

"Ke, babu saura a tukunya? Ko ƙanzo ne."

Ta zauna nan bakin ƙofa, kuka da dariya suka haɗe mata. Wallahi ko ranar da ta sauka lafiya a haihuwar fari ba ta ji sanyi irin wannan a ranta ba.

Almu ya warke, ya koma fawa. Amma har tsufansu, in ya dawo daga mahauta da tsoka a hannu, sai ya miƙa mata ya ce a dafa wa yara, shi a yi masa ta waken nan.