Baba Umara da Tsakuwarsa Mai Dauɗa

A masallacin layinmu na Gwange akwai mutum ɗaya da ba ya tsayawa gaisuwa bayan sallar asuba. Kafin ka gama shafa addu'a, Baba Umara ya zura takalmi ya yi gaba. Ba girman kai ba ne, kifinsa ne ke ransa.

Tsakar gidansa ba ta fi shimfiɗar tabarma shida ba, amma a ciki akwai tankin roba na kifin karfasa da rabin duro huɗu cike da tsakuwa. A cikin tsakuwar nan alayyahu da yakuwa da latas suke tsaye, babu ko ɗigon ƙasa. Ƙaramin inji mai aiki da sola yana ɗaga ruwan kifin zuwa tsakuwa, shuka ta sha kashin kifi, ruwa ya koma tanki a tace. Baba Umara zai kasa kunne ga zubar ruwan, ya sansana, ya tsoma hannu, ya ƙirga kifi, ya yi taku uku ya dawo ya sake ƙirgawa. Matarsa, Ya Kaltum, ta ce shekara arba'in ba ta taɓa ganin ya shanye shayi da zafinsa ba.

Masunci ne daga Baga. Tashin hankali ya raba shi da tafki, ya iso Maiduguri da iyali da komarsa, ga shi babu ruwan da zai jefa ta. Zaman banza ya kusa kashe shi. Wata rana ya ga hoton irin wannan noma a wayar wani malamin gona, ya addabi bawan Allah da tambaya har ya riƙa canja hanya in ya hango shi. Kifin farko suka mutu, na biyu ma haka. Mu masu zaman bakin titi, har da ni mai rubutun nan, muka ce tsufa ya fara taɓa shi.

Yau gida goma sha tara ke cin miya daga wannan haukan, yawancinsu na matan da suka rasa mazajensu. Kowace ta samu 'ya'yan kifi daga uwayen karfasa goma sha biyu da yake ji da su, sannan ya haɗa mata da kwano ɗaya na tsakuwarsa, mai santsi da gansakuka.

"Kada ki wanke, wallahi kada ki wanke," haka yake gaya wa kowace. "Akwai ma'aikata a ciki, ido ba ya ganinsu. Su ke dafa wa shuka kashin kifi. In babu su, ruwan nan guba ne."

Bara aka zo bikin 'yarsa Ammatullahi. Ƙanwarsa, Ya Suwaiba, ta zo daga unguwar Bulabulin, mace mai tsabtar da ko inuwarka ta samu sai ta share. Ranar da ya tafi kasuwa cefane, mata suka yanke ganyen duka don miyar biki, tsakuwa ta fito fili da korenta.

"Surukai su taso tun daga Kano su ga wannan ƙazanta a gidan yayana?" in ji Ya Suwaiba. "Ba da ni ba."

Ta sa aka juye tsakuwar, aka dirje ta sau uku, aka shanya ta a zafin ranar Afrilu, aka mayar, har da turaren wuta. Da ya dawo ta tarye shi da murna: "Ya Umara, ka gani? Tas!" Shi kuwa salati kawai ya yi, cefane ya suɓuce daga hannunsa.

Bayan kwana uku, da safiyar ɗaurin aure, ruwa ya soma wari. Uwayen kifin suka taso sama suna buɗe baki, biyu sun riga sun kife. In sauran suka bi su, gida goma sha tara ba su da inda za su samu iri. Uban amarya, da babbar rigarsa, ya naɗe hannu ya rage ruwa, ya zuba sabo, ya hana abinci, ya leƙa ƙofa, ya dawo tanki, ya sake leƙawa. Ana aiko masa cewa liman na jira, shi kuwa tsoro ya cika shi, don ya san tsakuwa ba ta farfaɗowa a ƙasa da wata guda.

Ya Kaltum ce ta buga waya ga Madam Ketura, wata gwauruwa 'yar Biu, wadda ita ta fara karɓar kwanon. Ba a jima ba ta shigo da bokiti a ka.

"Wushe, Baba," ta gaishe shi, sannan ta ce: "Tsakuwar da ka ba mu, ai ta hayayyafa. Ka manta?"

Sai ga mata suna shigowa a jere, cikin lafaya da zannuwan biki, kowace da kwanon tsakuwa jiƙe, wasu har da shukar a tsaye. Surukai daga Kano suka saki baki suna kallon wannan sabuwar gudummawa. Bokitin da ya fi nauyi Ya Suwaiba ce ta karɓa, tana hawaye, ta juye shi da dauɗarsa. Baba Umara ya isa masallaci a makare, hannun riga na ɗiga. Uwaye tara suka rayu.

Baba Umara, kai ne masuncin da aka raba da tafki, ya haƙa nasa a tsakar gida. Kai ne ka ba da abin da kowa zai raina, ya dawo maka ranar da kake nema. Mun yi maka dariya, kuma ina jin kunyar haka har yau.

Watan nan ya ce ido ya yi rauni, ya miƙa wa Ya Kaltum da Madam Ketura aikin, zai huta. Jiya da asuba na gan shi ya zura takalmi tun kafin a shafa.

Mun gode, Baba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa wata rana ka sha shayinka da zafi. Ku kuma masu karatu, kowa yana da ɗan abin da ya iya, ko da bai da kyan gani. Ku ɗebi kwano ku miƙa wa maƙwabci. In kuma ku aka miƙa wa, kada ku wanke.