Ranar Ruwan Shuka Suka Zo

"Iya, ai likitocin ido sun koma Damagaram tun jiya," in ji majo, babban nas na asibitin Matameye.

Shekara biyu ina jiran su cire mini yanar idon nan. Ranar da suka zo, ranar aka yi ruwan shuka a ƙauyenmu Dungu. Ɗana ya ce in ya kawo ni, bana me za mu ci? Ya kaɗa amalanke sai gona.

Na ce wa majo, "Ɗan nan, wanda ya sa musu rana farkon damina, ya taɓa riƙe sungumi kuwa?"

Ya ce, "Haƙuri, Iya, sai baɗi."

Gero ya tsiro, an ce ya yi kyau. Ni ban gan shi ba.

Jama'a, ku faɗa mini, da wa zan yi fushi?