Min Oryem da Takardun Jana'iza

A unguwarmu ta Pece, cikin Gulu, babu jana'izar da ke wuce Min Oryem. Da sunan ɗan farinta ake kiranta, wato uwar Oryem, kamar kowace uwa. Baƙi kan ce ba su taɓa ganin mace mai zumunci irinta ba. Mu kuwa mun san takarda take bi. Kafin a gama waƙar ƙarshe ta bi kujerun coci ta tsince takardun tsarin jana'iza da mutane suka gama fifita da su.

Sana'arta duwatsun ado na takarda. A sansanin gudun hijira ta koya, lokacin yaƙi. Yanzu samari da 'yan matan unguwa ne ke zagaye ta a gindin mangwaro, masu hutu da waɗanda makaranta ta ba hutun dindindin. A yanka takarda dogo-dogo, gindi da faɗi, kai da tsini, a naɗe a jikin tsinke, a ɗiga gam, a tsoma a man da kafintoci ke shafa wa katako, a shanya. Tana son tsohuwar kalanda da kwalin sabulu, amma fostar 'yan siyasa ta fi ƙauna. Ta ce ɗan majalisarmu bai taɓa amfanar mazaɓa ba sai da ya zama 'yan kunne.

"Kai Komakec, wannan dutse ne ko kashin akuya?" in ji ta ga ɗaya daga cikin yaran.

"Kaka, sabon salo ne."

"Salon gidanku. Warware!"

'Yata Lamunu tana cikin yaran nan. Ta rasu bara da damina, bayan gajeriyar jinya. Kwamitin jana'iza, ƙarƙashin yayana, ya yanke cewa abin da yarinyar ta fi buƙata shi ne takarda mai sheƙi, hotonta da rawayar riga a gaba, sunayen 'yan kwamiti da manyan baƙaƙe a baya. Suka buga da yawa kamar za a binne bishop. Ranar nan Min Oryem ba ta ɗauki ko ɗaya ba, har mutane suka ɗauka ba ta da lafiya.

Abin da ya saura, kwali guda, ya koma ƙarƙashin gadonmu. Matata Aciro ba ta iya buɗe shi, ba ta kuma yarda a fitar da shi. Gara, da ba ruwanta da makoki, ta gano shi. Duk sharar da Aciro ta yi sai ta fito da jar ƙasa, ta tsaya tana kallo.

Bayan damina Min Oryem ta zo da dankali a kwando. Ta zauna a tabarma ta ce, "Min Lamunu, ya haƙuri?" Ita kaɗai ta rage tana kiran matata haka. Sauran jama'a, saboda tsabar tausayi, sun binne sunan tare da mai shi.

Ko ruwa ba ta sha ba ta juyo gare ni.

"Malam, na ji akwai saura."

"Sauran me?"

"Takarda mana. Na taɓa ta a coci, mai kauri ce. Yayanka bai iya komai ba, amma ya iya zaɓen takarda."

"Fuskar 'yata za ki sa wa almakashi?"

"To bar wa gara. Ita ta fi ni ladabi, ba ta tambaya."

Na miƙe zan nuna mata ƙofa, sai Aciro ta ce, "In an naɗe, ana ganin fuskar?"

"Baki-baki kaɗai ke fitowa, 'yar nan. Duk abin da ke tsakiya ciki yake shigewa. Ɗan majalisa ma, da wannan hancin nasa, ba a ganin shi."

 Aciro ta ce mini in jawo kwalin.

Ni na kai shi gindin mangwaro. Da aka buɗe, kowane yaro ya ɓoye hannunsa.

"Ku da kuka cinye naman zaman makokinta ba kunya, yau kunya ta zo?" in ji Min Oryem. Ta danƙa wa Anena, ƙawar Lamunu, almakashi. "Kada kowa ya mai da Lamunu waliyya. Naɗinta kullum a karkace yake, ga surutu."

"Ta dai fi Komakec," in ji Anena, tana share ido da gwiwar hannu.

"Akuya ma ta fi Komakec. Yanka!"

Ta yanka. Ban tafi ba sai da aka naɗe na farko.

Duwatsun sun fito rawaya, da siririn layi ruwan ƙasa yana zagaye kowanne. Min Oryem ba ta sayar da ko ɗaya ba, abin da har yau take yi mini gori a kai. Kowane yaro ya sami awarwaro, Aciro ta sami sarƙa mai tsawo, na karkace da na daidai duk a zare ɗaya. Tana sawa kullum, har wurin girki. Ta share ƙarƙashin gado, ta ajiye takalma a wurin.

Ranar Lahadi yayana ya tare ta a ƙofar coci. Ya yaba sarƙar, ya ce daga gani ta ƙasar waje ce, ya tambayi inda ake samu.

"Sunanka ma yana ciki," in ji Aciro, ta wuce.