Taken Sarkin Noma da Na Saka a Kaset

A farkon shekarun casa'in ni saurayi ne mai aiki a izin, wato masana'antar siminti, a Malbaza, mai tara gashi da baƙin tabarau, ina ganin duk Ƙonni babu wayayye kamata. Mahaifina makaɗin gangar noma ne a wani ƙauye kusa da Bazaga. Tun ina ƙarami nake bin sa wurin gayya ina kaɗa masa kazagi, har kiɗan ya zauna mini a hannu. Da na samu albashi sai na fara jin kunyar gangar. Na sayi piyano mai batir a hannun wani direban babbar mota, irin wanda in ka danna maɓalli ganga ke tashi da kanta, ba ta gajiya, ba ta neman fura. Da shi nake wasa a bukukuwan ma'aikata da 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, abokai suna zuga ni in yi kaset, ni kuwa dama kaina ya riga ya kumbura.

Na tsallaka Sakkwato wurin wani mai ɗaukar murya, muka shirya waƙoƙin rawa da na soyayya. Da ya saurara sai ya ce duk ƙamshin waje suke yi, in nemo guda mai ƙamshin gida in ina son kaset ya shiga. Nan take hannuna ya tuna wani kiɗa. Take ne da mahaifina ya ƙirƙira wa abokinsa sarkin noman yankinmu tun suna samari. In aka kaɗa shi, mutumin tsuma yake yi, ya ɗaga hauya ya yi kirari, ya shiga kunya ya bar kowa a baya. Ba a kaɗa wa wani shi, kuma ba wanda ke kaɗa shi sai mahaifina. Na san haka sarai, ba zan ce yarinta ce ta rufe mini ido ba. Na zuba shi a inji, na ƙara masa sauri, na ɗora masa baitoci a kan wata yarinya mai wushirya, ban tambayi kowa ba.

Da kaset ya fito, sauran waƙoƙin babu wanda ya kula su, wasu ma cewa suka yi muryata ba ta kai ta yi tallar goro ba. Amma wannan ɗaya ta kama gari. A tasha ita ce, a teburin mai shayi ita ce, 'yan kabu-kabu suna fito da ita a baki suna jiran fasinja. Samari suka ƙirƙira mata rawa, su duƙa kamar masu noma suna kaɗa ƙugu. Ni kuwa tafiyata ma ta canza, na daina zuwa ƙauye don kada a tambaye ni.

Wata ranar kasuwar Ƙonni da hantsi ina zaune a rumfar mai sayar da kaset, an saka waƙar a lasifika, sai ga sarkin noma ya kawo wake a amalanken jaki. Ya tsufa, idonsa ya rage gani. Ina kallonsa ya saki igiyar jakin, jikinsa ya ɗauki rawa, ya ɗaga hannu sama ya fara kirari da iyakar muryarsa, yana waige yana neman makaɗinsa. Samari suka kewaye shi suna tafi suna kwaikwayonsa, wani ya liƙa masa kwabo a goshi. Bai kula su ba, ya yi ta bin sautin har ya iso gaban lasifikar ya tsaya. Sai ya gan ni, ya gane ni, ya kira ni ɗan abokinsa, ya tambaye ni a ina Baban nawa yake zaune, yana so ya gaishe shi. Ya dubi lasifikar, ya dubi yaran da ke dariya, ya cire kwabon daga goshinsa ya ajiye a kan teburin kaset, ya koma wurin jakinsa.

Na yi zaton Baba zai zage ni ko ya tsine mini, da ya yi hakan ma da na fi samun sauƙi. Da na je gida yana gyaran tsarkiyar ganga, bai ɗago ba. Cewa kawai ya yi taken ba nasa ba ne balle ya zama nawa, na wanda ke amsa shi ne, kuma in je can in nemi gafara. Na je, tsohon ya ce ba komai, ya sa aka kawo mini ruwa, ya yi ta tambayata labarin aiki. Da damina ta faɗi aka kira gayya, ina wurin. Baba ya matsa kusa da abokinsa ya kaɗa masa takensa kamar kullum, sai yaran ƙauye da ke bakin gona suka duƙa suka fara rawar kaset. Sarkin noma bai ɗago kai ba. Ya ƙarasa kunyarsa a hankali, ya saɓa hauya ya tafi gida. Baba ya tsayar da kiɗan a tsakiya, kuma ban sake jin ya kaɗa shi ba har ya rasu.

Na yi yawon rumfuna ina roƙon a daina buga kaset ɗin, aka yi mini dariya, domin an riga an kwafe shi har Illela da gaba. Na sayar da piyanon, ban sake yin wani kaset ba. Na gaji da mutane su nuna ni su ce ga mai waƙar nan, su jira in yi murmushi. Abin da na koya bai da yawa, kuma na koye shi a makare. Matasan yanzu da ke ɗiban kiɗan iyaye suna zubawa a na'ura, ban ce ku bari ba, amma ku tambayi na wane ne, kuma ko mai shi yana raye. Baba da sarkin noma duk sun riga mu gidan gaskiya. Har yau in wani mai tsohon kaset ya saka waƙar a biki kowa tashi yake ya yi rawa, ni kaɗai nake zaune, domin na san wanda ake kira, kuma na san ranar da ya daina amsawa.