Kadri Ya Yi wa Matattun Teku Sallama

Duk wanda ya san titin 116 a unguwar Harlem ya san shagon Alhaji Kadri, mutumin Damagaram mai sayar da turare da huluna. An fi saninsa da wani aikin: in an yi rasuwa, shi ake kira ya yi wa mamaci wanka. Shekara ashirin ke nan, kuma bai taɓa wuce maƙabarta bai yi sallama ba. Ko a bas yake, sai ka ga leɓensa na motsi.

Ciwon baya ne ya kai shi ruwa. Likita ya ce ya riƙa iyo, shi kuwa mutumin da a garinsu rijiya ma sai an leƙa da kyau kafin a hango ruwa, sai abin ya shiga ransa. Daga iyo ya koma nutso da tukunyar iska a baya. Matarsa Hawawu ta ce, "Alhaji, kifi ma da aka haifa a ciki kama shi ake yi."

Wata Lahadi da hantsi, Yussif, ɗan Kumasi da ya koya masa nutso, ya kai shi bayan tsibirin Long Island, inda wani jirgin yaƙi ke kwance a ƙasan teku tun yaƙin duniya na farko. A cikin kwale-kwale Yussif ya maimaita masa doka: bututun iska ba ya barin baki, kuma ko me ya faru ba a tasowa da gudu, don jini zai yi kumfa kamar an girgiza lemo. Sannan ya ƙara da abin da ya kamata ya haɗiye.

"Akwai waɗanda ba su fito ba a cikinsa fa."

"Mutane?"

"Sojojin ruwa. Sa tabarau ɗinka, Alhaji."

Suka bi igiya suna sauka. Ruwan kore ne, ga sanyi mai shiga haƙori. A mita talatin jirgin ya bayyana, kife kamar mushen giwa. Yussif ya yi gaba da fitilarsa. Kadri ya tsaya. Kabari ne wannan, kuma wa ya sani ko akwai namu a ciki? Shi dai ba a taɓa cewa ya shiga wa matattu kamar ɓarawo ba. Ya zare bututun daga bakinsa don ya yi sallama, a ganinsa ai kalma biyu ce.

Kalmar farko ta fita kumfa. Kafin ta biyu igiyar ruwa ta fizge bututun ta jefa shi bayan kafaɗarsa. Ya lalubo dama, babu. Ya lalubo hagu, babu. Ƙirjinsa ya fara neman abin da ya saba samu, ya buɗe baki, teku ta shiga. Can sama akwai ɗan haske, ƙafafunsa suka fara harbawa ba da izininsa ba. Ya san dokar sarai, ƙafafun ne ba su halarci darasin ba.

Sai ya ji an damƙe masa ɗamara. Yussif ne, ya cusa masa bututunsa na ko-ta-kwana a baki, ya tsare shi da ido. Kadri ya yi tari a ciki, ya ja iska, ya sake tari. Suka taso taku-taku kamar masu rakiyar gawa. Saura mita biyar Yussif ya tsayar da shi minti uku cur, Kadri na ganin ƙasan kwale-kwalen a samansa, ba damar taɓawa.

Da aka jawo shi, sai da ya amayar da rabin tekun kafin Yussif ya yi magana.

"To, Alhaji, sun amsa?"

Kadri ya goge bakinsa.

"Saura kaɗan in je in ji amsar da kunnena," ya ce. "Ba ni bargon nan."