Famfo Uku a Cikin Leda

Duk wanda ya ce wanke famfon kula ba aiki ba ne, bai taɓa haɗa kunun aya ba. Ina da manyan kuloli uku na ƙarfe, kowace da ɗan famfonta a gindi, ƙanena ne ya shigo mini da su ta kan iyakar Kongolam shekarun baya. Kulolin ba su da rigima, soso da sabulu sun gama da su. Famfunan ne masu neman ran mutum. A cikin kowane akwai wata 'yar roba da wani lungu da yatsa ba ya kaiwa, nan ruwan aya da dabino yake laɓewa. Ka bar shi kwana biyu a zafin Daura, ka buɗe, sai ka yi baya da fuska.

Saboda haka nake da tsarina. Da an tashi daga taro nake kwance su daga jikin kula, in warware kowane, in zare robar, in jiƙa a ruwan zafi da 'yar kanwa. In sa gashin kaza in bi lungun har sai ya fito fari. In ɗauraye sau uku, in kife su a inuwa, bakinsu a buɗe, su wuni suna shan iska. Sai sun bushe ƙarau nake zuba su a jakar yadi in rataye a ƙusa bayan ƙofa. Leda kam ba ta taɓa kusantarsu ba, domin leda gumi take sa su. Maigidana in ya gan ni zaune da gashin kazata sai ya tsaya yana dariya.

"Yau kuma wankan jarirai ake?"

"Malam, wuce ka tafi kasuwar shanunka," nake ce masa.

Ba don mutanen gari nake wannan wahala ba, ko da yake babu suna ko walimar da za a yi a unguwarmu ba a aiko mini ba. Don Baba nake yi. Mahaifina malami ne, ya haura tamanin, haƙoransa sun tafi sun bar shi, kunun aya ya zama rabin abincinsa. Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi. Duk abin da aka miƙo masa, magani ne ko lemon kwalba ko furar maƙwabta, sai ya kai hanci ya shanshana kafin ya kai baki. Abin da ya fito daga hannuna ne kaɗai ba ya yi wa haka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ina ji da wannan fiye da duk yabon matan unguwa.

To, sai ƙanwata ta haihu a Katsina, na tafi na yi mata mako guda. Na dawo na duba bayan ƙofa, ƙusa tsirara. Wai wani abokin fataucin maigidana na Mai'adua ne ya yi suna, ya zo neman aro, shi kuma ya ji nauyin hana shi. Ya loda kuloli da famfuna a mota ba ko waya.

"Ai sun dawo da su tun shekaranjiya," ya ce. "Ki ga wankin da suka yi musu, ko ke sai haka."

Ya sauko mini da baƙar leda daga saman kwaba, an ƙulle bakinta tamau. Na kwance. Gaskiya sun sha toka da soson ƙarfe, sai ƙyalli suke. Matar abokin nasa ta haɗo da goro da 'yar kwalbar humra a cikin ledar don godiya, kamar yadda aka saba, ba a mayar da kayan aro hannu biyu. Humrar ta ɗan zube, ƙamshinta ya rufe komai.

Na yi faɗa ranar har muryata ta dushe. Na tuna masa turmina da ya arar aka dawo da shi a tsage, na tuna masa tabarmata ta sallah. Shi kuwa yana ta cin goron. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne, duk wannan masifar a kan aron na yi ta. Ban warware famfo ko ɗaya ba. Na gaji da hanya, ƙyalli ya ruɗe ni, na mayar da su cikin ledar na jefa saman kwaba da nufin gobe. Goben nan ta kai mako uku, ga shi ana tsakiyar bazara.

Ranar walimar saukar Alƙur'ani ta 'yata ta fari, a ƙofar gidan Baba aka shimfiɗa tabarmi. Na haɗa kunun da ban taɓa haɗa irinsa ba, aya mai kyau, dabino, kwakwa, 'yar citta. Na ɗanɗana da ludayi daga sama, na ce madalla. Mata sun cika gida, kowa na kiran sunana, na ɗauko famfunan na watsa musu ruwa a baya na ɗaura. Aka zuba kunu da ƙanƙara, aka fita da kulolin wajen maza, inda ƙafata ba ta zuwa.

Sauran labarin daga bakin maigidana na ji shi, yana tsaye a zaure yana sharce gumi. Bayan an yi addu'a shi da kansa ya tara kofin farko, ya ga 'yar kumfa a sama bai kawo komai ba, ya durƙusa ya miƙa wa Baba. Baba ya tambaya ko na Uwata ne, aka ce nata ne. Ya yi bisimilla ya kafa kai. Maigidana ya ce ya ga tsohon ya ɗan tsaya a tsakiya, ya rufe ido, sannan ya shanye tas ya ce alhamdulillahi.

Kofi na biyu kuwa a hannun wani tsohon direban tirela ya faɗa, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a hanyar kudu kuma bakinsa ba shi da linzami. Ya kurɓa ya furzar.

"Kai! Wannan warin na san shi, amma ba a gidan malamai ba. Wa ya kawo mana giya walima?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka ajiye kofunansu a hankali. Aka shigo mini da kulolin. Na kwance famfo ɗaya a bakin rariya na zare robar. Baƙin yauƙi ne cunkushe a lungun, ragowar kunun sunan Mai'adua, ya yi mako uku yana ruɓewa a leda. Wari ya buge ni har sai da na zauna. Kunun da ke sama lafiyarsa ƙalau, amma wa zai sha? Na tuttular da kula uku a rariya ina kuka, aka raba wa baƙin 'yata ruwan leda.

"Ai da kin duba," in ji maigidana. Na ɗaga kai na dube shi, ya fice bai ƙara ba. Haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Washegari da hantsi na je gaida Baba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa aka ba mu wuri, ya rage murya.

"Uwata, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Abin nan da na sha, yana sa maye?"

"Wallahi Baba tsami ne kawai. Dattin famfo ne, laifina ne."

"To, alhamdulillahi. Na ji shi tun kurɓar farko, amma mutane na kallo, kuma an ce naki ne. Na dai yi istigfari."

Yanzu famfunan suna jakarsu ta yadi, jakar tana cikin akwati, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ko ba a yi amfani da su ba, ranar da za a ɗaura sai na sake warwarewa na bi su da gashin kaza. Matan unguwa sun yi tsegumi na 'yan watanni sun gaji, sun dawo suna aiko mini. Maigidana ya daina zancen wankan jarirai.

Kullum da yamma ina kai wa Baba kununsa, a jug, babu ruwansa da famfo. Yana karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka kamar da. Sai ya ɗan juya kai gefe, wai don kada in gani, ya kai kofin hanci.